A Tafi da Yara ko a Bar Su a Gida: Auna Zaɓin Iyali Idan Annoba Ta Tsaurara Shiga Ƙasashe

Tsakanin watan Yulin 2021 da farkon 2022, magidancin da ya yi niyyar fita waje da iyalinsa yakan tsinci kansa cikin wani hali mai ɗaure kai. Shi da maiɗakinsa sun yi allurar riga-kafin korona har sau biyu, katinsu yana hannu, amma 'ya'yansu ba su yi ko ɗaya ba, kuma ba sakacin iyaye ne ya jawo hakan ba. Riga-kafin farko da ya iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, wato na AstraZeneca da aka kawo ta shirin COVAX mai raba riga-kafin ga ƙasashen duniya, an keɓe shi ne ga masu shekara 18 zuwa sama, kuma sai a watan Janairun 2022 hukumar lafiya a matakin farko ta sassauta wa 'yan shekara 16 da 17 waɗanda karatu ko tafiya waje ta tilasta musu. Amurka kuwa ta fara yi wa 'yan shekara 12 zuwa 15 allurar tun watan Mayun 2021, ta kuma sauko kan 'yan shekara 5 zuwa 11 a watan Nuwamba. Ke nan dokokin da aka tsara a ƙasashen da yaro zai iya zuwa asibitin unguwa a yi masa allura, su ne suka hau kan yaran da ko iyayensu sun so ba za su samu ba.

An ɗage waɗannan dokoki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayu 2023. Duk da haka, wancan lokaci shi ne ma'auni mafi kusa da muke da shi na yadda ƙasashe ke bi da yara idan annoba ta ɓarke, kuma zaɓin da ke gaban iyali bai wuce uku ba: a tafi da yaran gaba ɗaya, ko a bar su a gida manya su tafi, ko a ɗage tafiyar. Abin da ke raba gardama tsakanin ukun nan, a ganina, shi ne shekarun kowane yaro a ranar tashi, sannan a san cewa ƙofar da za a bi ba ɗaya ba ce. Akwai ƙofar kamfanin jirgi da ƙasar da za a yada zango, akwai ta jami'an shige da fice, akwai ƙofofin cikin gari kamar masallaci da gidan abinci da jirgin ƙasa, sannan akwai ƙofar dawowa gida, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Don a ga bambancin sosai, mu ɗauki iyali mai mutum biyar: miji da mata da suka yi allura, da yara uku da ba su yi ba, masu shekara 3 da 9 da 14.

Amurka ce ta fi sauƙi a bakin iyaka, duk da sunan da ta yi wajen tsanani. Daga ranar 8 ga Nuwamba 2021 ta wajabta wa baƙi masu shiga ta jirgin sama cikakken riga-kafi, amma ta cire duk wanda bai kai shekara 18 ba, saboda haka yaran nan uku za su shiga tare da iyayensu. Abin da ke kansu shi ne gwaji, kuma gwajin ya hau kan duk wanda ya cika shekara 2, har da autan mai shekara 3. Daga ranar 6 ga Disamba aka matse wa'adin ya koma kwana ɗaya kafin tashi, sai dai an lissafa shi da ranar kalanda ne, ba da awa 24 ba, ta yadda mai tashi ranar Juma'a da dare zai iya yin gwaji ranar Alhamis da safe. An soke gwajin ranar 12 ga Yuni 2022, sharaɗin riga-kafin manya kuma ya ci gaba har zuwa watan Mayun 2023. Matsalar tana cikin gari. Birnin New York ya hana shiga gidajen abinci da wuraren kallo sai da shaidar allura, kuma daga ranar 14 ga Disamba 2021 ya haɗa da 'yan shekara 5 zuwa 11. Iyalin namu za su sauka lafiya, amma a tsakiyar hunturu yara biyu daga cikin ukun ba za su zauna cin abinci a cikin gidan abinci ba, har zuwa lokacin da aka janye dokar a watan Maris 2022. Wanda ya je ziyarar ɗan'uwa, yana kwana yana ci a gidansa, wannan ba zai dame shi ba. Wanda ya je yawon buɗe ido da yara kuwa ya biya kuɗin abin da ba zai gani ba.

Ingila ta bi hanya mai kama da wannan, amma ta nuna wani haɗari na daban. Ta fara amincewa da katin riga-kafin Najeriya ranar 11 ga Oktoba 2021, kuma daga ranar 22 ga Nuwamba ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin mai cikakken riga-kafi a bakin iyaka, ko daga ina ya fito. 'Yan ƙasa da shekara 5 ba su da gwaji ko kaɗan, sauran kuma gwajin kwana na biyu da sauka ne a kansu. Mako biyu kacal da wannan sassauci, sai sabon nau'in korona mai suna Omicron ya sa aka jefa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka yi wa jan layi, daga asubahin ranar 6 ga Disamba. Mai bizar ziyara ba shi da damar shiga ko da ya yi allura, kuma mazauna Ingila da suka zo gida hutun ƙarshen shekara sai sun killace kansu kwana 10 a otal ɗin da gwamnati ta zaɓa, da kuɗin aljihunsu. Farashin shi ne fam 2,285 ga babba na farko, fam 1,430 ga kowane ƙarin babba ko yaron da ya kai shekara 12, fam 325 ga ɗan shekara 5 zuwa 11, kyauta ga wanda bai kai 5 ba. Idan aka lissafa wa iyalinmu, kuɗin ya kama fam 5,470, kuma a ciki mai shekara 14 ya ci kuɗin babban mutum. An soke jerin ranar 15 ga Disamba, kwana tara bayan shigar Najeriya, amma waɗanda tikitinsu ya faɗa cikin kwanakin nan tara sun riga sun biya. Ga iyaye, abin lura a nan shi ne kuɗin sauyin doka yana ninkuwa da yawan mutanen da aka ɗauko.

A sauran ƙasashen Turai shekara 12 ce katangar. Yaron da bai kai ta ba galibi yakan bi matsayin iyayensa, wanda ya haura ta kuma akan yi masa hukuncin babba. Sifaniya ta hana 'yan yawon buɗe ido daga wajen Tarayyar Turai shiga sai da cikakken riga-kafi idan sun kai shekara 12, kuma sai ranar 14 ga Fabrairu 2022 ta yarda 'yan shekara 12 zuwa 17 su shiga da gwajin PCR (gwajin korona da ake yi a ɗakin bincike) na awa 72. Kafin wannan rana, iyalinmu za su iya tafiya da ƙananan biyu ne kawai. Faransa ta shimfiɗa takardar shaidar lafiya kan 'yan shekara 12 zuwa 17 daga ranar 30 ga Satumba 2021, kuma ana neman ta a gidan abinci da gidan tarihi da jirgin ƙasa mai dogon zango. Wanda bai yi allura ba sai ya riƙa sabunta gwaji, baƙo kuma shi ke biya, sannan a ƙarshen Nuwamba aka rage amfanin gwajin zuwa awa 24. A wajen Turai ma, Kanada ta bar 'yan ƙasa da 12 su shiga ba killacewa idan iyayensu sun yi allura, amma ta hana su makaranta da wurin renon yara har kwana 14.

Saudiyya ce ta fi shafar mutanenmu, kuma ita ce ta fi rufe ƙofa ga yara. Ta dakatar da Umarar baƙi a ƙarshen Fabrairun 2020, da ta sake buɗewa ranar 1 ga Nuwamban shekarar sai ta taƙaita ga masu shekara 18 zuwa 50. Hajjin 2021 an yi shi ne da mutum 60,000 mazauna ƙasar, masu shekara 18 zuwa 65 da suka yi allura. Lokacin da aka dawo da Umarar baƙi a watan Agustan 2021, an nemi riga-kafi da cikar shekara 18, daga baya aka riƙa sauko da shekarun a hankali, amma ana ɗaure su da allura. Bambancin Saudiyya da Amurka ko Ingila shi ne a can yaron da bai yi allura ba yana rasa wasu wurare ne na gefe, a nan kuwa yana rasa ainihin abin da aka zo dominsa. A lokacin, shiga Harami yana buƙatar izini ta manhajar Eatmarna, ita kuma tana dogara da abin da manhajar Tawakkalna ta nuna game da riga-kafin mutum, kuma jami'ai suna duba waya a mashigar harabar kafin a bari a wuce. Iyalin da suka samu hanyar shigo da yara, ta bizar ziyarar iyali alal misali, sukan ƙare da karɓa-karɓa: uba ya tafi ɗawafi uwa ta zauna da yara a ɗakin otal, idan ya dawo ita ta tafi a lokacin da izininta ya nuna, wanda ba lallai ya dace da lokacin barcin yaran ba. An biya tikiti da masauki na mutum biyar, amma mutum biyu ne suka ga Ka'aba, su ma ɗin ba tare ba.

A kan wannan sai aka ƙara da dakatar da jiragen Najeriya ranar 8 ga Disamba 2021, wanda ba a ɗage ba sai ranar 5 ga Maris 2022, ranar da aka soke gwaji da killacewa da ba da tazara a masallatai, ana saura ƙasa da wata guda a fara azumi. Ra'ayina a kan Umara a irin wannan yanayi ba shi da kwana-kwana: a bar yaran, ko a jira. Aikin Hajji bai wajaba kan yaron da bai balaga ba, idan ma ya yi yana da lada amma farillar tana nan a kansa bayan balaga, Umara kuwa a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa. Babu wani abu na addini da ke kuɓuce wa ɗan shekara 9 idan aka jinkirta masa shekara guda, alhali ga kakarsa mai shekara 64 jinkirin yana iya haɗuwa da iyakar shekaru, kamar yadda aka yi a Hajjin 2022 da aka taƙaita ga waɗanda ba su kai 65 ba, Najeriya kuma ta samu kujera 43,008 kacal. Idan kuɗin gida ba zai ɗauki kowa ba, tsofaffi ne suka fi cancanta da kujerar.

Dubai a takarda ita ce aljannar mai yara. Ta buɗe wa 'yan yawon buɗe ido tun ranar 7 ga Yuli 2020, ta dogara da gwajin PCR maimakon tilasta allura, ta kuma yafe wa 'yan ƙasa da shekara 12 gwajin. Sai dai ga mai tashi daga Najeriya sauƙin dokar bai yi amfani ba, domin jirgin ne babu. Saɓani kan ƙarin gwajin gaggawa kafin hawa jirgi ya tsayar da jigilar fasinjojin Emirates daga Najeriya a mafi yawan watannin 2021, da aka dawo a farkon Disamba kuma sai rikicin rabon guraben sauka ya sake tsayar da ita daga ranar 13 ga watan har zuwa 5 ga Fabrairu 2022. Wannan ya shafi har waɗanda Dubai zango ce kawai a hanyarsu ta zuwa Indiya ko Malesiya. Babba shi kaɗai zai iya sayen wani tikiti ya zagaya ta Alƙahira ko Addis Ababa, ya kwana a kan kujerar filin jirgi idan ta kama. Mai goyo da yara biyu a hannu ba zai iya ba cikin sauƙi, kuma kowace sabuwar ƙasar zango tana zuwa da nata sharuɗɗan gwaji.

Masu dangi a zangon Kumasi ko Nima ta Accra sun ga nasu salon. Ghana ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Maris 2020 har zuwa 28 ga Maris 2022, saboda haka jirgin sama ne kaɗai halastacciyar hanya, kuma daga tsakiyar Disamba 2021 ta wajabta allura ga masu shekara 18 zuwa sama, ta bar yara. Dawowa Najeriya ma tana da nata nauyi: dokar farkon Disamba 2021 ta nemi gwajin PCR na awa 48 kafin tasowa da wani a kwana na biyu da sauka, wanda ake biya tun kafin a hau jirgi, sai ranar 4 ga Afrilu 2022 aka sauke wa masu allura gwajin kafin tashi, aka kuma ba 'yan ƙasa da shekara 18 matsayin masu cikakken riga-kafi.

Gwajin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne tafiya da yara ta fi karyewa. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗan shekara huɗu a cinya, ya danne masa hannuwa da goshi, ma'aikaciyar lafiya tana tura tsinken auduga can cikin hancinsa, ya san cewa ba abu ne da ake son maimaitawa sau uku a mako biyu ba. Amma kukan yaro ƙaramin al'amari ne idan aka kwatanta da lissafin lokaci. Wa'adin awa 48 ko 72 yana farawa ne daga sa'ar da aka ɗauki samfur, ba daga sa'ar da sakamako ya fito ba. Idan an ɗauki samfur ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, awa 48 ta cika ranar Laraba da ƙarfe goma, kuma idan jirgin da zai tashi da ƙarfe takwas ya yi jinkirin awa huɗu, takardun mutum biyar na iya mutuwa a lokaci guda. Haka nan kowane ƙarin mutum ƙarin dama ce ta a samu sakamako mai nuna cuta, yara kuma sukan ɗauki ƙwayar ba tare da zazzaɓi ko tari ba, sannan gwajin PCR yakan ci gaba da nuna ta makonni bayan an warke. Idan hakan ta faru kafin a bar gida, asarar ta tsaya kan tikiti. Idan ta faru a ranar dawowa, dole babba ɗaya ya zauna da yaron a ƙasar mutane, ana biyan otal da kuɗin waje, biza tana ƙarewa, makaranta ta koma. Shi ya sa tikitin da ake iya sauya ranarsa, da inshorar da ta ambaci kuɗin killacewa ƙarara, suka fi muhimmanci ga mai yara fiye da ragin da ake samu a tikiti mai arha.

Idan aka ɗora zaɓin nan uku a kan sikeli, tafiya da yara ta fi dacewa a inda dukkansu ba su kai shekarun da ƙasar ta gindaya ba, jirgin kai tsaye ne ko zangonsa ɗaya, masaukin gidan dangi ne, kuma akwai rarar kuɗin da za ta ɗauki ƙarin kwana goma. Ta zama dole kuma idan ƙaura ce, kamar wanda ya samu aiki ko gurbin karatu na shekaru, ko idan yaron ne marar lafiyar da za a kai asibiti, ko jariri ne da ke kan nono. Abin mamaki, jaririn da iyaye suka fi tsoron ɗauka shi ne dokokin suka fi yi wa sauƙi, saurayi ko budurwa 'yan shekara 12 zuwa 17 da ake ganin sun iya kula da kansu su ne suka fi maƙalewa.

Barin yara a gida ya fi arha, kuma a wurinmu ya fi sauƙi fiye da yadda yake ga Bature, tunda da wuya a rasa kaka ko gwaggo ko abokiyar zama da za ta riƙe su. Ya dace da gajeriyar tafiya mai manufa guda, kamar Umara ko saro kaya ko ganin likita. Haɗarinsa shi ne a rufe hanya iyaye suna waje, kamar yadda ta faru a Maris 2020 da Disamba 2021, saboda haka wanda ya zaɓi wannan ya bar kuɗin cefane da na makaranta na fiye da kwanakin da ya ɗiba, ya bar katin asibitin yaran a hannun mai riƙonsu, kuma idan da hali kada uwa da uba su fita a tare. Raba yaran, a tafi da ƙanana a bar babban, yana warware matsalar doka amma yana barin tabo a zuciyar wanda aka bari, musamman idan ba a zaunar da shi an yi masa bayani ba. Ɗage tafiya kuwa ita ce ta fi riba a duk abin da ya shafi hutu da shaƙatawa, domin tsauraran matakan ba su daɗe ba: Ingila ta soke komai ranar 18 ga Maris 2022, Kanada ranar 1 ga Oktoba, wanda ya yi haƙurin 'yan watanni ya tafi da iyalinsa ba gwaji ba killacewa. Asararsa ita ce bizar da wa'adinta zai iya ƙarewa da kuma tashin kuɗin canji. Akwai hanya ta huɗu da wasu ejan-ejan suka riƙa raɗa wa mutane, wato katin bogi ko sakamakon gwaji na jabu, kuma ban lissafa ta cikin zaɓi ba. Katunan suna da lambar da ake dubawa da na'ura, laifin kuma yana iya jawo soke biza da hana shiga ƙasa, a kan fasfon yaron da bai san an yi ba.

Sharuɗɗan da suka riga korona zuwa suna nan daram, kuma su ne mai shirin tafiya yau zai fara dubawa. Allurar zazzaɓin shawara ana yin ta daga wata tara da haihuwa, katinta ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, kuma tun watan Yulin 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ghana da Masar da Saudiyya da Afirka ta Kudu duk suna neman katin daga mai fitowa daga Najeriya, Indiya kuma tana iya killace wanda ya sauka babu shi har kwana shida, ko da jinya ce ta kai shi. Saudiyya tana neman allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i huɗu ga masu Hajji da Umara, har da yara, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, tana kuma aiki shekara uku ko biyar gwargwadon irin wadda aka yi, sannan tana neman shaidar riga-kafin shan inna daga matafiyan Najeriya duk da cewa an tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga ƙasar a watan Agustan 2020. Tunda kwana goman nan ba a sayen su da kuɗi, iyalin da ke da tafiya a gaba su kai yaran ofishin lafiya na filin jirgi ko wata cibiyar da aka amince da ita tun kafin su biya tikiti, su kuma tabbatar sunan da ke kan katin da ranar haihuwa sun yi daidai da na fasfo harafi da harafi.